Yadda ake neman diyya a Birtaniya idan an sayar maka da inshorar katin banki da ba ka buƙata

Wanda ya buɗe asusun banki a Birtaniya kafin shekarar 2012 zai iya tuna 'yar takardar da ake mannawa a jikin sabon kati, mai ɗauke da lambar waya, wai ka kira kafin ka fara amfani da shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka kira ba ma'aikacin banki suka samu ba. Ɗan tallan kamfanin CPP ne da ke garin York, kuma kafin ka ajiye waya ya cusa maka inshora ta kusan fam 30 a shekara, da alkawarin za a biya ka har fam 100,000 idan ɓarayi suka yashe asusunka bayan ka sanar cewa katinka ya ɓata.

Abin da ba a faɗa wa mutane ba shi ne, doka ta riga ta ɗora wa banki wannan asarar. Da zarar ka sanar, duk abin da aka cira bayan nan banki ne zai biya. Ko abin da aka cira kafin ka sanar, iyakar abin da za a ɗora maka a lokacin fam 50 ne, yanzu ma ya koma fam 35, sai dai in an tabbatar ka yi mummunan sakaci. An sayar wa mutum da ruwa yana tsaye a bakin rijiyarsa ke nan. Wannan ta sa a watan Nuwamban 2012 hukumar kula da harkokin kuɗi ta wancan lokacin, wato FSA, ta ci kamfanin tarar fam miliyan 10.5, sannan a 2013 aka shirya biyan diyya tare da bankuna da kamfanonin kati 13, ga mutane kusan miliyan 7.

Fara da binciken takardunka

Ɗauko bayanan asusunka na baya, na katin bashi da na asusun yau da kullum, ka bi su layi-layi. Kuɗin inshorar sau ɗaya ake cirewa a shekara, shi ya sa yake ɓacewa a cikin cefane ba a lura ba, kuma sabunta kansa yake yi. Nemi sunan CPP ko Sentinel (wata inshorar kati ce irin wannan, ta wani kamfani daban), ko duk wani cire kuɗi mai maimaituwa da ba ka san dalilinsa ba. Idan takardun sun salwanta, rubuta wa bankin ka nemi duk bayanan da yake riƙe da su a kanka. Haƙƙinka ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai, kyauta ne, kuma wata ɗaya aka ba su su amsa.

Ka san ƙofar da ta rufe da wadda take buɗe

A nan gara a faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Shirin diyya na CPP ya shafi inshorar da aka saya ko aka sabunta daga 14 ga Janairun 2005, kuma an rufe karɓar takardu a 30 ga Agustan 2014. Shiri na biyu, na kamfanin Affinion mai inshorar Sentinel, ya rufe a watan Maris na 2016. Wanda waɗannan shirye-shirye suka shafa bai nema ba, damarsa a kan abin da suka ƙunsa ta wuce. Duk wanda ya kira ka a yau yana cewa zai karɓo maka “kuɗin CPP” idan ka biya shi wani abu tukuna, ka yi hattara da shi.

Amma irin wannan ciniki bai mutu ba. Inda ya fi yawa yanzu shi ne asusun da ake biyan kuɗin wata-wata, a haɗa maka inshorar waya da ta tafiya da ta lalacewar mota a hanya. In an ce maka dole sai da shi za a ba ka bashi, ko ba a gaya maka akwai asusu na kyauta ba, ko an haɗa maka inshorar mota alhali ba ka da mota, ko shekarunka sun haura iyakar da inshorar tafiyar ta yanke, to kana da hujja.

Rubuta wa wanda ya sayar maka

Takardar ba ta buƙatar lauya, ba ta buƙatar dogon Turanci. Sa sunanka, adireshin da kake a lokacin, lambar asusu, shekarar da aka fara cirewa. Sai ka faɗi abin da aka gaya maka ranar cinikin da abin da aka ɓoye, da bakinka. Ni dai ina ganin wannan shi ne zuciyar takardar, domin masu dubawa sun gaji da wasiƙun da aka kwafo daga intanet kalma da kalma, kuma labarin da mutum ya bayar da kansa ya fi shiga. Ka rubuta ƙarara cewa wannan ƙorafi ne, kana neman a mayar maka da duk abin da ka biya, a kuma dakatar da cirewa. Ajiye kwafi, ka rubuta ranar da ka aika.

Ƙirga mako takwas

Mako takwas doka ta ba banki ya ba ka amsa ta ƙarshe. In ya yi shiru, ko ya ƙi, ko ya yi tayin da bai gamsar da kai ba, sai ka wuce gaba.

Kai ƙara wurin mai sasantawa

Hukumar Financial Ombudsman Service ita ke shiga tsakanin banki da abokin hulɗarsa, ba ta karɓar ko sisi daga mai ƙorafi. Wanda ya gama karatu ko aiki ya koma Kano ko Zariya ma yana iya shigar da ƙara daga gida ta intanet, tunda bankin a Birtaniya yake. Idan ka amince da hukuncinta na ƙarshe, dole banki ya bi.

Lokaci ne ke kashe yawancin ƙararraki, don haka riƙe waɗannan da kyau. Wata shida kake da shi daga ranar da ke kan amsar banki ta ƙarshe. Sannan dole ƙorafin ya zo cikin shekara shida da yin cinikin, ko cikin shekara uku daga lokacin da ka sani, ko ya kamata ka sani, cewa an cuce ka. Akan ɗaga ƙafa ne kawai idan akwai uzuri mai ƙarfi kamar doguwar jinya. Kamfanonin da ke tallan nema wa mutane diyya wannan hanyar dai za su bi, su yanki kasonsu a ƙarshe, kuma ba wani fifiko da ake ba takardarsu a kan taka.

Idan kuɗin ya shigo

Diyyar takan zo kashi biyu: ainihin abin da ka biya, da ƙarin kuɗin ruwa a kansa. A shirin CPP kashi 8 cikin ɗari ne a shekara. Ga Musulmi wannan ƙarin abin dubawa ne, don haka ka nemi a rarrabe maka lissafin a rubuce, ka san naka ka san ƙarin, sannan ka tambayi malamin da ka yarda da shi yadda za ka yi da shi. Akan kuma cire harajin kashi 20 cikin ɗari daga ƙarin kafin a turo. Wanda samunsa bai kai na biyan haraji ba yana iya neman hukumar haraji ta HMRC ta mayar masa, ta hanyar cike fom mai lamba R40.