Yadda za ka warware lissafin da aka kawo cikin labari

Yara da yawa 'yan aji 5 da 6 sun iya tarawa da rabawa tsaf, amma da an naɗe lissafin cikin labari sai kai ya kulle. To ɗalibi ga yadda za ka bi da shi.

Da farko karanta tambayar sau biyu, karon farko kar ma ka taɓa biro. Sai ka ja layi ƙarƙashin abin da ake nema, yawanci yana can ƙarshe, sannan ka fitar da lambobin gefe kowace da sunanta.

Misali: ɗalibai 156 za su tafi wasa, kowace bas tana ɗaukar 24, bas nawa ake bukata? Tambayi kanka, tarawa ce ko ɗebewa ko ninkawa ko rabawa? Rabawa ce tunda kasa su za a yi. 156 ÷ 24 = 6, saura 12. Nan fa ake zubar da maki wallahi, yaro ya rubuta 6 ya wuce abinsa, to su 12 ɗin nan a ƙasa za su tafi? Amsa bas 7.

In an gauraya mita da santimita mayar da su abu ɗaya kafin ka fara, mita 2 santimita 200 ke nan.

Daga nan gwada amsarka: 24 × 6 = 144, ƙara 12 ya ba da 156, ya yi daidai. Wadda ta cije maka a jarrabawa ka tsallake ta, ka dawo in lokaci ya rage.