Yadda Ake Raba Dirinkar Kaji da Yauƙin da Ke Dawo da Zawo

Sabon mai kiwo da zarar ya ga kajinsa na zawo, kantin magani yake nufa. A ba su wannan su ɗan warware, bayan mako guda abin ya dawo, a sauya wani. Ni ma haka na yi ta yi har zubin kaji biyu, sai ranar da wani likitan dabbobi ya zura yatsa cikin dirinka, wato mazubin ruwan shan kaji, ya shafo mini wani santsi kamar miyar kuɓewa. Ruwan kuwa garau yake a ido.

Wannan yauƙin shi likitoci ke kira bayofim. Ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella ne ke manne wa jikin roba, su lulluɓe kansu da danƙo, magani da bilic su kasa kai musu sosai. Abincinsu ma mu ke ba su: gulukos da bitamin ɗin da muke zubawa a ruwa, ga zafin Afrilu ya gasa tanki.

Matakin farko, inda kowa ke faɗuwa, shi ne dirza. Ɗauraya ba wanki ba ce. Ka raba dirinkar gida biyu, ka sa soso da omo ka dirje gindin, musamman lungun da ruwa ke fitowa. Tsohon burushin haƙori ya fi komai shiga wurin. Sai ka shafa da yatsa: in ya zame, koma ka sake, har sai ka ji robar tana ƙara. Bayan nan ne za ka jiƙa ta a ruwan bilic kamar minti 20, ka ɗauraye, ka kife a rana. Zuba bilic a kan yauƙin da ba a dirje ba asarar kuɗi ce kawai. Ni saiti biyu nake ajiyewa, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana. Wadda cikinta ya kakkarce kuwa jefar da ita nake yi, ko nawa na saye ta, don cikin karcen nan ƙwayoyin cutar suke ɓuya.

Dirinka mai bututu da nipil, wato ɗan bakin da kaza ke tsattsaga ruwa ya fito, soso ba ya shiga, sai sinadarin haidurojin feroksaid na wankin layin bututu. In an kwashe kaji, ka haɗa shi yadda aka rubuta a jikin galan, ka cika layin, ka taɓa kowane nipil, ka bar shi awa 24, sannan ka kora da ruwa mai ƙarfi. Abin da zai fito sai ya ba ka ƙyama. Kada ka kuskura ka gauraya bilic da wani sinadari mai tsami, iskar da ke tashi guba ce.

Sauran ba wuya. Duk ranar da ka gama ba da magani ko bitamin, ka kore layin da ruwa mai tsafta. Tanki a rufe, a inuwa. In kana sa bilic a ruwan shan kaji kuma, ka tsayar da shi kwana 2 kafin rigakafin Lasota (na cutar Newcastle) ko na cutar Gumboro, in ba haka ba shi zai kashe rigakafin tun a cikin dirinka.