Babi na 6: Fitilar Bayan Motar Tsere da Ke Yawan Mutuwa

Darasi na ɗaya: Rubutun jikin ƙwai

Motar tsere gajeriya ce, kusa da ƙasa take, shokazobanta kuma suna da tauri. Duk ramin da ta faɗa, jijjigar na kaiwa har fitilar baya, sai siririyar wayar da ke cikin ƙwan ta tsinke. Amma kafin a ga laifin hanya, a fara duba ƙwan.

Ku kashe mota. Ku ciro ƙwan da ya mutu, ku juya shi a hannu. A gindinsa, wajen ƙarfen, akwai rubutu ƙanana. Ku karanta a hankali: 12V 21/5W. 12V ƙarfin wutar motar ke nan. W kuma wat ne, wato yawan wutar da ƙwan ke ci: 21 na birki ne, 5 na hasken dare, domin waya biyu ce a cikin ƙwan.

Yanzu ku kwafi lambar a takarda. Hannu na rawa? Ba komai, sannu ba ta hana zuwa. Ku sake duba ƙwan, ku duba takardar. Sun yi daidai? Madalla. Da takardar za ku je saye. In an miƙo sabo, ku karanta gindinsa, ku gwada da takardar kafin ku biya.

Nan ne da yawanku ke tuntuɓe. Sai mutum ya ce ai girmansu ɗaya. Haba jama'a! Girma ba shi ne lamba ba. Ƙwan da ya fi ƙarfin gidansa zafi yake yi, ya narkar da roba, ya ƙona fiyus. Ku karanta lambar. Ku rubuta. Ku gwada. Na sha faɗa, wasu har yanzu da ido suke saye.

Darasi na biyu: Ruwa da tsatsa

In kun ga raɓa a cikin gilashin, robar bakin fitilar ta mutu, ruwa na shiga. Ku canza robar, ku goge tsatsar gidan ƙwan har ƙarfe ya fito. Kada ku matse sukuru da ƙarfi, gilashin zai tsage. Sabon ƙwan kuma, kun duba lambarsa?

Darasi na uku: Caji

Ku sa rewaya, mai gyaran wutar mota, ya auna batir da mita, inji na aiki. Ya kamata a ga wajen 14V. In ya haura 15V, altaneta, wato na'urar da ke caja batir, ce ke ƙona ƙwai. Fitila mai LED ma wurin rewaya za a kai.

Darasi na huɗu: Salansa

Ku duba ko zafinta na bugun fitilar.