Ɗan jagora a ƙasar waje: yaushe za ka ɗauka, yaushe za ka riƙe kuɗinka

Mutanenmu na Nima, Mamobi da Sabon Zango, da na Aboabo da Asawase a Kumasi, sun fara ware kwana ɗaya ko biyu don ganin gari idan sun fita waje. Mai saro kaya a Istanbul yana son shiga Aya Sofiya, wanda ya kai yaro karatu Azhar yana son ganin dalar Giza, 'yan'uwa Tijjanawa kuma suna zuwa Fas ta ƙasar Maroko ziyarar Shehu. Kuɗin ɗan jagora da dalar Amurka ko yuro ake biyansa, kai kuwa sidi ka canza, saboda haka a yi lissafin nan tun kafin a kama hanyar filin jirgin sama.

Abin da za ka fara dubawa shi ne yanayin wurin. A tsakiyar Istanbul babu dalilin ɗaukar kowa. Ka sayi katin Istanbulkart, ka hau taragon T1, ka sauka a Sultanahmet. Masallacin Sultan Ahmad, Aya Sofiya da fadar Topkapi, inda ake ajiye kayan tarihin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW), duk tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Abin da kake bukata kawai sanin rana: Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar Kapalicharshi kuma ranar Lahadi. Tun 2020 aka mai da Aya Sofiya masallaci, don haka ka daidaita zuwanka da lokacin salla.

Masar ba haka take ba. Duwatsu ne da zane-zanen shekara dubu huɗu, in babu mai bayani sai ka kalla ka ɗau hoto ka juya. Sakkara, inda dala mai hawa-hawa ta Sarki Zosar take, tana da nisan kusan kilomita 30 daga Alƙahira, kuma sai da mota. A Giza masu raƙuma da masu tallar tsaraba suna yi wa baƙo caa, amma da sun ga kana tare da ɗan gari mai lasisi sai su ja baya. Wannan kaɗai ya isa dalili ga wanda ke tafe da iyali. In za ka je Luksor, ka sani ba a barin jagora ya yi bayani a cikin kaburburan sarakuna. A waje zai gama maganarsa ka shiga kai kaɗai, don haka duk tambayarka ka yi ta a bakin ƙofa.

Tsohon birnin Fas kuwa lunguna ne dubbai da mota ba ta shiga, taswirar waya ma rikicewa take a tsakanin dogayen katangu. Ɗauki jagora rabin yini a ranar farko, awa uku zuwa huɗu, ya bi da kai daga ƙofar Bab Bu Jalud zuwa masallacin Ƙarawiyyin, wanda aka kafa a 859, sannan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Riƙe alamomin hanya, washegari ka koma da ƙafarka ka zauna yadda ranka ke so. Amma ka faɗa masa tun farko ziyara ta kawo ka. Hanyar da ya saba bi da Turawa majema da shagunan darduma take nufa, in ka yi shiru minti goma zai ba ka a zawiya.

A Madina mutane da yawa suna rikita direba da malami. Direba zai kai ka Ƙuba, Ƙiblataini da Uhudu, ya ce ka dawo cikin minti ashirin. Wanda zai tsaya da kai a gindin tudun maharba ya nuna maka ta inda dawakin Ƙuraishawa suka zagayo a shekara ta 3 bayan Hijira, ya koya maka abin da ake faɗa wa shahidai, wannan malami ne, kuma sau da yawa akwai shi a cikin tawagarku. Tambayi ejan ɗinka tun a gida ko ziyara tana cikin kuɗin da ka biya, kada ka biya sau biyu. Izinin shiga Rauda kyauta ne a manhajar Nusuk, kada ka ba kowa ko riyal ɗaya a kansa.

In ka yanke shawarar ɗauka, nemi lasisi. Masar, Turkiyya da Maroko duk suna ba jagorori katin shaida mai hoto, mai shi ba ya jin nauyin nuna maka. Wanda ya tare ka a titi yana cewa "ƙofar nan a rufe take yau, zo in bi da kai ta wata" shago zai kai ka.

Gwada harshensa kafin ka biya. Kira shi ta WhatsApp ku yi magana minti biyar. Larabcin da aka karanta a makaranta daban yake da na titin Alƙahira, na Maroko ya fi nisa ma, Turancinsa kuma zai iya yi wa kunnenka nauyi. In da Hajiya ko Baba a tafiyar kuma Hausa kaɗai suke ji, kai ne tafinta, kowane bayani sau biyu za a yi shi. Rage wuraren zuwa biyu ko uku a yini, ka tambaya ko akwai matakala da doguwar tafiya cikin rana.

Sai ciniki, kuma a nan aka fi cutuwa. A rubuta komai a saƙo: ƙarfe nawa za a fara, awa nawa, waɗanne wurare, da wane kuɗi za a biya, farashin na mutum ɗaya ne ko na tawaga duka. Tikitin shiga, mota, mai da abinci, kowanne a faɗi wanda zai ɗauka. A ware lokacin Azahar da La'asar a ciki. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, sauran sai an dawo masauki. Riƙe katin banki a hannu, domin wuraren tarihi da yawa a Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayen tikiti.

Farashin da ya yi araha fiye da kima ka yi masa kallon tsanaki. Duk wanda ya san Kantamanto ko Kejetiya ya san dillali ba ya rakiya don Allah. Jagoran da ya sallama maka yini guda a kuɗin banza, la'adarsa tana jiransa a shagon turare, na takardar fafirus ko na jakar fata, kuma a cikin farashin da za a faɗa maka take. Awa biyu daga cikin yininka za su ƙare kana shan shayi a gaban mai shago, kunya ta hana ka tashi hannu rabbana. Rubuta masa a fili cewa babu shiga shago, in ya ƙara kuɗi kaɗan saboda haka ka biya, ya fi maka sauƙi. Sayayyarka ka yi ta wata rana kai kaɗai.

Tunda yawanci kuɗin yini ake biya, mutum huɗu zuwa shida a mota ɗaya sun fi cin riba, kowa ya kawo kasonsa. In kun wuce haka, na baya ba sa jin bayani, rabin lokaci kuma a jiran juna zai tafi. Ware tukuici da ƙananan kuɗin ƙasar, na jagora daban na direba daban, ka miƙa bayan an sauke ku.