Sayen kwamfutar tebur ta kamfani ko haɗa taka: kurakuran da na gaji da gani

Yawancin masu turo min hoton kwamfuta suna tambaya ko ta yi, sai sun biya kuɗi sun kai ta gida sannan suke tambayar. A lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Matsalolin kuma su ɗin ne dai kullum, mutum ɗaya ya faɗa rami, na bayansa ya zo ya faɗa cikin wannan ramin. Shi ya sa na ga gara in tara su wuri guda.

Matsayata a kan asalin tambayar, wato a sayi ta kamfani ko a haɗa, gajeriya ce. In aikinka rubutu ne, lissafin Excel, cike fom a intanet, shagon buga takardu ko cibiyar jarrabawar CBT, sayi haɗaɗɗiya ta kamfani, ta hannu ma ta ishe ka: Dell OptiPlex, HP EliteDesk ko ProDesk, Lenovo ThinkCentre. Ofisoshin Turai da Amurka ne ke sauke su bayan 'yan shekaru, an ƙera su ne don su wuni a kunne, kuma ba sa shan wuta sosai. In kuwa tace bidiyo za ka yi, ko zanen gine-gine, ko wasanni masu nauyi, to sayi kayan ɗaya bayan ɗaya ka haɗa. Asarar da nake gani tana samun wanda ya tsaya a tsakiya ne, yana so ya biya kuɗin ta farko ya samu aikin ta biyu.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya shiga titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko a aiko masa daga Computer Village ta Ikeja, ya ɗauki 'yar siririyar kwamfutar ofis da niyyar "in na samu kuɗi sai in sa mata girafik." Bayan wata biyu ya sayo RX 580, wani katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoto, ya buɗe murfi, katin ya ƙi shiga. Akwatin sirara ne, gajerun katuna kawai yake ɗauka. Ko da ya shiga da ƙyar, fawa fak ɗin irin waɗannan ƙananan, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, yakan tsaya tsakanin wat 180 zuwa 255, alhali RX 580 shi kaɗai yana jan kusan wat 185, kuma yana buƙatar wayarsa ta daban mai baki takwas wadda babu ita a ciki. Sai ya ce to bari ya canza fawa fak. Nan ma wata sabuwa, domin Dell da HP sun daɗe da barin babban filogin nan mai baki 24 a yawancin waɗannan injina, kowanne da irin nasa. Sai a shiga neman adafta, a ɗora fawa fak a waje kan tebur, wayoyi a zube, murfi a jingine da bango. Na sha ganin irin wannan haɗin, kamar an ɗaura injin tirela a jikin adaidaita sahu.

Mafitar da nake ba mutane ita ce, in ka riga ka saya, nemi katin da ba ya buƙatar wayar wuta ta daban kuma gajere, irin GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB, ka haƙura da iya abin da zai ba ka. A mafi ƙanƙantar fawa fak ma ko wannan sai an yi hattara. In ba ka saya ba tukuna kuma ka san zuciyarka na son girafik, kada ka fara. Tara kuɗin.

Sai maganar i7, sunan wani rukunin furosesa na Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. "Alhaji, wannan fa Core i7 ce," mai shago ya faɗa, mai saye ya washe baki. Wace i7? Akwai i7-2600 ta 2011, akwai i7-4770 ta 2013, akwai i7-12700 ta 2022, duk sunansu ɗaya. Karanta lambar da ke bayan ɗan layin: in guda huɗu ce, ta farko ita ce janareshan, wato zubin da aka ƙera ta, in biyar ce, biyun farko. I3-12100 da mutane ke rainawa saboda sunanta i3 ta fi i7-4770 sauri nesa ba kusa ba. Kuma akwai abin da ya fi sauri muhimmanci yanzu. Microsoft ta daina ba Windows 10 kulawar da ta saba tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga janareshan na 8 na Intel take farawa, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD, tare da TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro a cikin injin. Ma'ana OptiPlex 7060, mai janareshan na 8, ta shiga, 7050 da 9020 ba su shiga ba. EliteDesk 800 G4 ta shiga, G3 zuwa ƙasa a'a. Na san masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 a kan tsofaffin, ni dai ba na biyan kuɗi in sayi abin da sai da dabara zai yi aiki. Kada ka yarda da sitikar da ke jikin akwati, a kunna a gabanka, ka buɗe manhajar CPU-Z ko Task Manager ka karanta lambar furosesa da idonka.

Yanzu ga wanda ke tayar min da hankali, fawa fak da wuta. Masu haɗawa da kansu, ku ne da wannan. Mutum zai kwana yana kwatanta furosesa, ya yi mako yana kallon bidiyon katin girafik, ya sayi fankoki masu walƙiyar ja da shuɗi, sannan da kuɗi suka ƙare ya ce wa mai shago "ba ni fawa fak mai sauƙi-sauƙi." Haba malam! Duk abin da ka kashe dubban ɗaruruwa a kansa daga wannan ɗan akwatin yake shan wuta. In ya mutu salin alin ka gode Allah, marar kyau ba ya tafiya shi kaɗai.

Ni ma ta nan aka ci ni, lokacin da na haɗa injin tace bidiyon biki. Akwatin da na saya ya zo da fawa fak a ciki kyauta, an rubuta wat 500 a jiki, na ce ai wannan ragi ne. Wata rana da daddare ina tsakiyar fitar da bidiyon wani ɗaurin aure aka ɗauke wuta, aka dawo da ita nan take da ƙarfi. Na ji "fat", sai ƙaurin roba. Da safe mai gyara ya buɗe, ya nuna min wani ɗan wuri baƙi ƙirin kusa da inda furosesa ke shan wuta a jikin madabod, babban faifan da ake jona komai a kansa. Madabod ta tafi, had disk ɗin da ke ɗauke da hotunan bikin mutane shi ma ya tafi. Kuɗin kayan na mayar a hankali, amma tsayuwa gaban ango ina ba da haƙuri kan abin da ba za a sake ɗauka ba, wannan ba na yi wa maƙiyina fatansa. Garin neman gira na rasa ido.

Tun daga nan ga al'adata, wani na iya ganin na cika tsanani. Ba na amfani da fawa fak ɗin da ya zo kyauta da akwati, ko kallonsa ba na yi. Ina sayen na kamfanin da aka sani, irin Seasonic, Corsair ko Cooler Master, sabo a kwali, ko da zan rage darajar furosesa don in cike kuɗin. Babbar lambar da ke jikin kwali ba ta dame ni ba, layin 12V nake dubawa a jikin sitika: ninka amfiya da 12, abin da ya ba ka shi ne ƙarfin da furosesa da girafik za su samu. In ka ga an rubuta wat 500 amma layin 12V amfiya 18 ne, wato wat 216 ke nan, ajiye musu kayansu. Nakan kuma ɗaga shi a hannu, wanda ya yi sakayau ba na yarda da shi. Tambarin 80 Plus ma ba shedar ƙarko ba ce, yana nuna rashin ɓarnar wuta ne kawai, amma rashinsa gaba ɗaya alama ce mara kyau.

Kuma kwamfutar tebur ba laftof ba ce, ba ta da batir. Duk lissafin da babu UPS a cikinsa bai cika ba, ko ta kamfani ka saya ko haɗawa ka yi. A nan ma ana tafka wani: a sayi UPS mai 650VA a ce ai ta fi wat 600. VA daban, wat daban, irin wannan ba ta kai wat 400 ba. Kwamfutar ofis da allonta za ta riƙe ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe, injin wasa kuwa da an ɗauke wuta za ta yi ƙara ta mutu tare da shi. Masu shagon buga takardu, ku daina jona firintar leza a UPS, wutar da take ja lokacin ɗumama kanta ta fi ƙarfinta. Mai sola kuma ya duba inbatarsa, in ba a rubuta "pure sine wave" ba, wasu fawa fak na zamani za su riƙa gurnani ko su kashe kansu. In unguwarku wuta na hawa da sauka, sa sitabilaiza a gaba. Sannan wasu tsofaffin injinan da aka kawo daga Amurka suna da wani ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Tamu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙarar farko ita ce ta ƙarshe.

Sauran na masu haɗawa ƙanana ne, amma kowanne ya taɓa hana wani barci. Furosesa da madabod sai soket ɗinsu ya zo ɗaya: Ryzen 5000 a AM4, Ryzen 7000 zuwa sama a AM5, Intel na 12 zuwa 14 a LGA1700. AM5 DDR5 kawai take ɗauka, LGA1700 kuwa akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, kada ka danna da ƙarfi. Tsohuwar madabod B450 na iya buƙatar sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da madabod, kafin ta gane Ryzen 5000, sa mai shago ya gwada. Intel mai F a ƙarshe, kamar i5-12400F, ba ta da girafik na ciki, haka ma Ryzen 5 5600, mai G ce ke da shi, ba kati ba hoto. In ka sa kati, wayar allo a jikin katin ake jona ta, ba a madabod ba. Ɓare ledar da ke ƙarƙashin abin sanyaya furosesa kafin ka ɗora. RAM biyu masu 8GB sun fi guda mai 16GB, a rami na biyu da na huɗu a yawancin madabod, kuma ka shiga BIOS ka kunna XMP ko EXPO, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, in ba haka ba da ƙaramin gudu zai yi ta aiki. Windows a kan SSD, ma'ajiya mai sauri, ake sa ta, had disk na ajiya ne.

Katin girafik na hannu kuwa, a bi a hankali. Tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katunan girafik a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, RX 580 na gaba-gaba. Akwai kuma na jabu, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna yana nuna GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z na tona yawancinsu. Ni ba na biya sai an sa katin a inji an ba shi aiki mai nauyi na rabin awa ina zaune a wurin, ina kallon zafinsa da ko hoto zai fara tsartuwa. Had disk da SSD na hannu kuma manhajar CrystalDiskInfo za ta gaya maka awannin da suka yi.

Akwai abin da bidiyoyin Turawa ba za su gaya maka ba, domin ba su san zafinmu da hunturunmu ba. Akwati mai gilashi gaba da gefe yana da kyau a hoto, amma a zafin Afrilu iska ba ta ratsa shi. Nemi mai raga a gaba da matatar ƙura, ka ɗaga shi daga ƙasa, kada ka ajiye kan kafet. Lokacin hazo nakan fitar da nawa tsakar gida in hure shi da bulowa, ina riƙe fankokin da yatsa don kada su juya fiye da ƙima.

Garanti ma ana mantawa da shi wajen lissafi. Wanda ya sayi haɗaɗɗiya mutum ɗaya zai koma wa. Wanda ya haɗa, RAM daga wannan shago, madabod daga wancan, kati an aiko daga Legas, ranar da injin ya ƙi tashi kowa zai ce ba kayansa ba ne, kai kuma ba ka da wasu kayan da za ka gwada ka gane mai laifi. Wanda ya yi oda daga waje ya fi shiga uku, kuɗin mayar da madabod Amurka na iya kusantar kuɗin sabuwa. Don haka furosesa, madabod da RAM a shago ɗaya nake saye, a haɗa su a kan kwali a gabana a kunna har in ga BIOS. A rubuta lambar kowane kaya a rasit, da adadin kwanakin gwaji, da biro, mai shago ya sa hannu. "Ai mun saba, in da matsala ka dawo" ba ta shiga rasit.