Darasi na 9: Yaron lakwal da ciwon asma

Da sanyin safiya a watan Janairu, wata uwa a unguwar Birni ta riƙo hannun ɗanta har ƙofar aji. Yaron ya kwana yana tari, ƙirjinsa na ƙara kamar ana busa usur.

Ta ce, "Mushe, don Allah kada a sa shi shara yau. Jiya ko barci bai yi ba."

Malamin ya ce, "To Inna, ina abin shaƙarsa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta baro maganin a gida, don kada yara su ce ɗanta mai tarin fuka ne.

Mu tsaya a nan, domin wannan kuskure ya yi yawa a Damagaram. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma ana ɗauka. Asma, wadda tsofaffi ke kira fuka, ba a ɗaukarta. Hanyoyin iska na cikin huhu ne ke kumbura su tsuke, sai numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Ko kwano ɗaya yara suka ci da mai asma, ba abin da zai same su.

Iyaye da yawa kan ce a zamaninsu ba su san ciwon nan a aji ba. Akwai gaskiya a zancen. Tun 1991 likitocin ƙasashe da dama suka fara wani babban bincike a kan ƴan makaranta, suka sake ƙirgawa bayan wasu shekaru. A biranen Afirka da yawa sun tarar abin ya ƙaru. A Cape Town ta Afirka ta Kudu, yara masu shekara 13 zuwa 14 da ƙirjinsu ke wannan ƙara sun tashi daga 16 cikin 100 a 1995 zuwa 20 cikin 100 a 2002. Atishawa, yoyon hanci da ƙaiƙayin ido su ma sun ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma.

Gado na da hannu a ciki, amma zaman birni ya ƙara wa abin ƙarfi. Dubi iskar da yaronmu ke shaƙa a yini guda. Hunturu na kwaso ƙura tun daga Bodele ta ƙasar Cadi, daga Nuwamba har wajen Maris. A hanyar lakwal ga hayaƙin kabu-kabu, ga bolar da aka cinna wa wuta da leda a ciki. A aji ga garin alli, ga shara a busasshiyar ƙasa. Da dare kuma a rufe ɗaki da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, kyankyasai na yawo a bayan buhun hatsi. Wannan na cikin ɗaki ya fi ci mini rai, don a hannunmu yake.

A yayyafa ruwa kafin shara. A shanya katifa da bargo a rana. A kwana cikin gidan sauro a bar hayaƙin. Mai shan taba ya fita waje.

Abin shaƙa mai launin shuɗi, wanda aka fi sani da Ventoline, ba ya sa jaraba, duk da ana yawan faɗin haka. Buɗe hanyar iska yake yi cikin ƴan mintoci, saboda haka wurinsa jakar yaro, kuma malami ya san da shi. Ƙaramin yaro bai iya haɗa fesawa da shaƙa ba. A sami gorar roba mai tsabta ta rabin lita, a huda gindinta daidai bakin maganin. A girgiza maganin, a fesa sau ɗaya a cikin gorar, yaron ya ja numfashi ta bakin gorar sau biyar ko shida. Likita ne zai faɗi yawan fesawar. Idan ciwon na tashi a kai a kai, akwai wani na kullum mai rage kumburi.

In yaro ya kasa ƙarasa magana, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya yi duhu, kada a jira gari ya waye. A zaunar da shi a miƙe, a ba shi abin shaƙa, a nufi asibiti.

Aiki: Rubuta abu uku masu hayaƙi ko ƙura a ɗakin da ƴaƴanka ke kwana. Wanne za ka iya fitarwa yau?