Mace a bakin wutar gilashi: yadda za ki rubuta labarinta a Damagaram ta da

Ƴar'uwa marubuciya, kafin ki ɗora tauraruwarki a kan aikin gilashi, fara sanin inda gilashin yake fitowa. A zamanin Sarki Tanimun na Damagaram, ayarin Tarabulus ne ke kawo duwatsun wuya na gilashi daga Turai, ya ratso Ghat da Agadas, ya sauka Zango, unguwar fatake ta Zinder, kafin ya wuce Kano. Da yawansu ƙirar Venis ne, inda tun 1291 aka mai da masu narka gilashi tsibirin Murano saboda tsoron gobara. A can maza ke bakin wuta, mata kuwa shirya duwatsu a zare suke yi. Ta kudu akwai Bida, inda Masaga, masu sana'ar gilashi na can, ke narka yashi da kanwa su yi ƙarau da duwatsu, ita ma sana'ar gado ce ta maza. Don haka dole labarinki ya nuna wanda ya koya wa wannan mace, da abin da koyon ya jawo mata a gida da gari.

Hanyar da mai karatu zai fi saurin yarda da ita ita ce ta niƙaƙƙen gilashi, wadda matan Kiffa a Muritaniya suka yi suna a kanta, domin ana yin ta a tsakar gida. A tara fasassun duwatsu ko kwalabe, a ware kowane launi daban, a niƙa a dutse, a tankaɗe. A kwaɓa garin da ruwan ƙaro, a mulmula shi jikin tsinke don ya bar huda, a yi ado da bakin allura da garin wani launi. Sai ya bushe sarai a gasa shi cikin ɗan kasko a kan garwashi. In da sauran danshi, tururi zai fasa shi. In wuta ta gaza, zai fito da garas-garas yana marmashewa a hannu. In ta yi yawa, ya zube, hudar ta toshe.

Hura gilashi ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba. A cikin kashi 100 na gilashin kwalba, wajen 70 yashi ne, wajen 15 sinadarin da ke cikin kanwa, wajen 10 farar ƙasa. Kanwa ce ke sa yashi ya narke da wuri, kuma Damagaram ba ta rasa ta ba, tun da ƙasar Manga tana kusa. Ana aiki da narkakken gilashi a zafin da ya kai digiri 1,100 ko kusa da haka. Amma kada ki sa wannan lissafi a bakin macen ƙarni na 19. Ita launi take dubawa: in ya yi ruwan ɗorawa mai haske yana malala kamar zuma, ya yi, in ya koma ja mai duhu, ya fara ƙin hannu.

Ga yadda aikin ke tafiya. Bututun ƙarfe ne mai tsawon mita 1.2 zuwa 1.5. Sai an gasa bakinsa tukuna, domin gilashi ba ya kama ƙarfe mai sanyi. A tsoma, a juya, a ɗebo. Daga nan hannun hagu ba ya daina juya bututun, in ya tsaya gilashin ya zubo gefe guda. A mirgina shi kan shimfiɗaɗɗen dutse ya daidaita, a hura kaɗan, a toshe bakin bututun da babban yatsa. Iskar da ta yi zafi ita za ta buɗe cikin da kanta. Bai cika minti ɗaya ba ya sandare, sai a mai da shi wuta. In ƙasan kwalbar ya kammala, mataimaki ya manna wani sandan ƙarfe a gindin, a ɗiga ruwa a wuyan, a ƙwanƙwasa bututun ya rabu, sa'annan a gyara bakin da awartaki. Kin ga aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Ga mai zuga-zugi, ga mai riƙe sanda, kuma nan ne za ki samu amana da cin amana a labarin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa ta tsoma kwalbar a ruwa kamar maƙeri. Nan take za ta tarwatse. Gilashi yana son ya huce a hankali daga wajen digiri 500, a binne shi cikin toka mai zafi ya kwana. In an gaggauta, zai iya fashewa da kansa bayan kwanaki, a hannun wadda ta saya. Haka in an haɗa gilashi iri biyu da ba sa tsukewa daidai, tsagewa zai yi a mahaɗar. Iskar hunturu in ta faɗo ta ƙofa, ita ma ta isa ta ɓata aikin yini.

Launi kuma daga ƙarfe yake: baƙin ƙarfen da ke cikin yashi shi ke sa kore, jan ƙarfe ya ba da shuɗi-kore.

Kada ki manta da jikinta: tabon ƙuna a damtse, ƙishirwa, idon da hasken wuta ke yi wa yana bayan shekaru. A bazara ki mai da aikin cikin dare. Ki kuma lissafa kuɗin itace, don tanderun yana cin wuta kwana da kwanaki. In kina son kwalabe su wadata a labarin, matso da shi bayan 1899 da Faransawa suka ci Zinder, ko shekarun da garin ke babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926.